DUMA A KAN SANDA: Tarihin Tsuntsuwar da Ta Bar Kogon Itace

 

Yau za mu tsallaka teku, amma da kayan gida a hannu. Duma dai mun san shi. Shi ne ƙwaryar fura, shi ne ludayin da ake shan ta, shi ne goran makiyayi da zungurun lalle da shantun 'yan mata. A gabashin Amurka ta Arewa kuwa an ɗora masa wani aiki da mu ba mu saba gani ba: a bar shi ya bushe, a huda masa ƙofa, a rataye shi a kan doguwar sanda, tsuntsu ya zo ya yi sheƙa a ciki. Mai jin haka zai ɗauka wasan yara ne ko kwalliyar tsakar gida. To wannan wasan ne ya sauya rayuwar jinsin tsuntsu guda sukutum, har ta kai yau da mutane za su janye hannu, da tsuntsun ya rasa wurin ƙyanƙyasa a mafi yawan ƙasar da yake zaune.

Turawa na kiran tsuntsuwar purple martin, mu kuma za mu riƙa ce mata matin don sauƙi. Dangin tsattsewa ce, kuma ita ce babbarsu a Amurka ta Arewa, tsawonta kamar santimita 20. Namijin baƙi ne wuluk, in rana ta haska shi sai ya yi sheƙin shuni kamar rawanin ɗan Kura da ya sha bugu. A sama take kiwonta, tana cafke ƙwari tana cikin tashi, ko ruwa ma a guje take shafto shi da baki. Ba mazauniyar wuri ɗaya ba ce. In sanyi ya gabato sai ta yi kudu zuwa Amurka ta Kudu, galibi Birazil, sannan ta juyo. Takan iso Fulorida a watan Janairu, ta riƙa haurawa arewa a hankali har ta kai Kanada wajajen Mayu. A 2007 wata malamar Jami'ar York ta Kanada, Bridget Stutchbury, da abokan aikinta suka ɗaura wa wasu matin 'yar na'ura wadda nauyinta bai kai giram 2 ba a jihar Pennsylvania. Da suka dawo aka karanta na'urar, sai aka tarar ɗaya daga cikinsu ta ci kilomita wajen 7,500 daga yankin Amazon zuwa gida cikin kwana 13 kacal.

Da wannan ƙarfin nata duka, akwai abu ɗaya da ba ta iyawa: ba ta iya sassaƙa wa kanta ɗaki. A kogo take sheƙa, kuma sai wani ya yi mata kogon. A zamanin da, ramin da maƙwaƙwafi ya huda a busasshen itace ya bari, shi take gada, ko kuma tsagar dutse.

Shi ma duman baƙo ne a can. Masana tsirrai sun daɗe da yarda cewa Afirka ce asalinsa, kuma a 2004 aka wallafa bayanin duman daji da aka samu a Zimbabuwe. Amma masu tonon kayan tarihi sun tono ɓawonsa a wani kogo da ke Oaxaca ta Meziko, shekarunsa wajen 10,000, wato tun kafin mutanen yankin su mallaki masara. Yaya aka yi ya je? Wani bincike na 2005 ya ce mutanen farko ne suka shigo da shi daga Asiya. A 2014 wani binciken, wanda Logan Kistler ya jagoranta, ya sake duba ƙwayoyin halittar tsofaffin ɓawon, ya tarar sun fi kusa da duman Afirka, ya kuma nuna cewa igiyar ruwan Tekun Atilantika na iya kwaso duma daga gaɓar Afirka ta kai shi can cikin watanni. Tun a 1954 ma wasu masana biyu, Whitaker da Carter, sun jefa duma a ruwan teku ya yi fiye da wata 7 yana yawo, aka fasa aka shuka 'ya'yan suka tsiro. Duk wanda ya taɓa ganin masunci ya haye gora a kogi ba zai yi mamaki ba. Ke nan duman ya riga bayi da Turawa isa Amurka da dubban shekaru, kuma da ƙafarsa ya je.

Yanzu mu zo kan tambayar da ta fi muhimmanci: wa ya fara rataya wa matin duma? A nan ne muke so mu ɗan zauna, domin akwai bambanci tsakanin abin da ake faɗa da abin da aka rubuta.

Abin da ake faɗa, wanda za ku tarar a kusan kowane shafi da ke maganar wannan tsuntsuwa, shi ne 'yan asalin ƙasar sun yi dubban shekaru suna yin haka kafin zuwan Turawa. Zance ne mai ma'ana, tunda duman yana hannunsu tun fil azal. Sai dai wannan adadi na dubbai hasashe ne aka yi daga tsufan duman. Shaidun da ake kafa hujja da su kuwa rubuce-rubuce ne na ƙarni na 18 da na 19, kuma Turawa ne suka yi su.

Ɗaya daga cikin tsofaffinsu shi ne na Mark Catesby, Baturen Ingila mai zanen tsuntsaye da tsirrai, wanda ya zauna a Carolina a shekarun 1720. A juzu'in farko na littafinsa kan halittun yankin, mai ɗauke da shekarar 1731, ya bayyana cewa matin na haihuwa a akwatunan da ake kafa mata a jikin gidaje kamar yadda ake yi wa tantabara, da kuma cikin duman da ake ratayewa a sanduna. Ya ma faɗi dalili: tana korar hankaka da shaho daga wajen kaji. Wannan dalilin ba sai an fassara wa Bahaushe ba. Duk gidan da aka taɓa yin ihu saboda shirwa ta sure ɗan tsako, an san darajar tsuntsun da zai tashi cikin taro ya bi ta da tsiya har sai ta bar unguwar. Kuma mu ma muna kafa tukwane a katanga saboda tantabaru, don haka dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, ɗan hayar ne kawai ya bambanta.

Bayan shekara tamanin sai ga Alexander Wilson. Shi masaƙi ne daga garin Paisley na Sikotland, mai ɗan taɓa waƙa, wanda ya yi hijira zuwa Amurka ya koma nazarin tsuntsaye. A 1810 ya ratsa ƙasar ƙabilun Chickasaw da Choctaw a kan hanyarsa ta zuwa Natchez. A littafinsa, wanda juzu'ansa suka fita tsakanin 1808 da 1814, ya ba da labarin yadda mutanen waɗannan ƙabilu ke samun ɗan matashin itace kusa da bukkokinsu, su sassare rassan sama su bar guntaye, su rataye ƙwaƙulallen duma a kan kowane guntu. Ya ƙara da cewa a gaɓar Kogin Misisipi baƙaƙen bayi ma na kafa dogayen gwangwaloli da duma a kai. Sai John James Audubon, wanda ya fi su duka suna, ya zo a 1831 ya ƙara haske. Ya ce 'yan asalin ƙasar na son matin ne domin tana korar ungulu daga naman da suka shanya da fatun barewa. Ya ce bayi a gonakin kudu na yi mata ɗaki da duma a bakin bukkokinsu. Ya kuma lura cewa kusan kowane masaukin matafiya a ƙauye yana da akwatin matin a saman allon sunansa, har ya yi raha cewa gwargwadon kyan akwatin, gwargwadon kyan masaukin.

Mu lura da wani abu. Mutane iri uku ne ke cikin wannan labari, Choctaw da maƙwabtansu, bayi 'yan Afirka, da Turawa 'yan kama wuri zauna, amma baki ɗaya ne ke magana. Dalilan da aka jingina wa Choctaw, matafiyi ne ya hango daga kan doki ya rubuta. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Mai yiwuwa kuma akwai wanda ya rataye duman don kawai yana jin daɗin kukan tsuntsuwar da asuba, dalilin da baƙo ba zai gani da ido ba. Bayin kuwa sun fito ne daga ƙasashen da duma ke cikin kowane sha'ani, kuma da shi suka ƙera banjo na farko, 'yar uwar gurmi da garaya. Mutumin da bai mallaki ko jikinsa ba, ga shi yana gina wa tsuntsu gida, tsuntsun da ke tafiya inda ya ga dama ya dawo lokacin da ya ga dama. Audubon ya gan su, ya rubuta 'yan layuka, ya wuce.

Kuma shekarar da littafin nasa ya fita, 1831, ita ce shekarar da aka fara kwashe Choctaw daga Misisipi zuwa yankin da ya zama Oklahoma, bisa dokar korar 'yan asalin ƙasa ta 1830. Chickasaw suka bi baya a 1837. Al'adar ta zauna, masu ita suka tafi.

To yaya aka yi tsuntsuwar daji ta zama 'yar gida? Babu wanda ya kama ta, babu wanda ya sa ta a keji. Lissafi ne kawai na haihuwa. Kusa da mutane, maciji da mujiya da sauran maɓarnata ba su cika sakewa ba. Cikin duma ya fi ramin maƙwaƙwafi faɗi. In an rataye goma wuri ɗaya, iyalai goma ne ke gadin juna. Don haka waɗanda suka zaɓi duma sun fi yaye 'ya'ya, 'ya'yan kuma in sun dawo daga Birazil irin ɗakin da suka tashi a ciki suke nema. A ɗaya gefen, Turawan da ke share daji suna noma sun yi ta kayar da busassun itatuwa. Ƙofa ɗaya na buɗewa, ɗaya na rufewa. Zuwa farkon ƙarni na 20, ganin sheƙar matin a kogon itace a gabashin duwatsun Rocky ya zama abin ba da labari. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, amma a nan sabon ya yi wa tsuntsuwar rana, domin yawanta ya bi yawan gidajen da ake kafa mata.

Abin da ke tabbatar da cewa sabo ne, ba halitta ba, shi ne 'yan uwanta na yamma. A hamadar Arizona har gobe matin na sheƙa a ramukan da maƙwaƙwafi ya huda a jikin wata ƙatuwar tsiro mai ƙaya da ake kira saguaro, ba ruwanta da mutane.

Daga nan sai aka jawo mata baƙi. A farkon shekarun 1850 aka saki gwarar Turai a Brooklyn, wai don ta cinye tsutsotsin da ke ɓata itatuwa. A 1890 kuma wani mai suna Eugene Schieffelin ya saki wasu tsuntsayen Turai da ake kira starling, dangin tsakwaikwaiwa, guda 60 a lambun Central Park na Niyok, ya ƙara wasu a shekarar da ta biyo. Ana yawan cewa ya yi haka ne don ya kawo duk tsuntsun da Shakespeare ya ambata. Labari ne mai daɗin faɗa, amma masu bincike da suka bi diddiginsa a 2021 sun nuna cewa sai bayan mutuwar mutumin da shekaru ya ɓulla. Ko ma dai mene ne dalilinsa, tsuntsayen sun yaɗu suka cika nahiyar. Su biyun duk a kogo suke sheƙa, kuma ba sa zuwa Birazil. Kafin matin ta dawo sun riga sun tare a ɗakinta. Starling ya fi ta ƙarfin baki, yana fasa ƙwai, yana jefo 'ya'ya ƙasa, har uwar yakan kashe in ya ritsa ta a ciki. Daga lokacin nan rataye duma a tafi a bar shi ya daina isa. Dole mai gida ya riƙa leƙawa yana fitar da sheƙar baƙin. Dokar Amurka ta 1918 mai kare tsuntsaye masu ƙaura ta rufe matin, ba ta rufe waɗannan biyun ba, shi ya sa ake ɗana musu tarko ba tare da an taka doka ba.

Sai kasuwa ta shigo. A garin Griggsville na jihar Illinois, a farkon shekarun 1960, mutanen gari na neman maganin sauro ba tare da fesa guba ba. Wani mai masana'antar eriyar talabijin, J. L. Wade, ya fara ƙera wa matin gidajen alminiyom masu hawa-hawa, aka kafa wata hasumiya a tsakiyar gari mai ɗakuna sama da 500, garin ya naɗa wa kansa sarautar babban birnin matin na ƙasa. Taken tallar shi ne matin ɗaya na iya cin sauro 2,000 a rana. Gidajen suka yi kasuwa ba kaɗan ba. A 1968 wani masanin tsuntsaye, Herbert Kale, ya tattara binciken da aka yi kan abin da ake samu a cikin matin, ya nuna sauro ɗan mitsitsi ne a abincinta. Dalilin a fili yake: ita da rana take kiwo, can sama, shi kuwa sauro da magariba yake fita, ƙasa-ƙasa kusa da ciyawa. Abin dariya ma, tana son mazari ƙwarai, shi kuma mazari sauro yake ci.

Hukuncinmu a kan wannan ya rabu biyu, kuma ba za mu ɓoye ba. Adadin ba gaskiya ba ne, kuma har yau ana maimaita shi, shekara fiye da hamsin bayan an rushe shi, domin lamba mai sifili uku ta fi takardar masani saurin tafiya. Amma dubban mutanen da suka sayi gida saboda sauro, da yawansu sun ƙare da son tsuntsuwar don kanta. Gidajen Wade kuma sun zo da gyara na gaske: ana buɗe ƙofofinsu a share, ana sauke su a duba.

Duman bai mutu ba duk da haka. A ƙauyukan kudu, irin su Alabama da Jojiya da Misisipi, ba a taɓa daina jera shi a kan sanda ba, haka ma manoman Amish sun riƙe kiwon matin hannu bibbiyu. Da aka kafa ƙungiyar kare matin ta Purple Martin Conservation Association a 1987 a garin Edinboro na Pennsylvania, ƙarƙashin James R. Hill III, aka shiga tattara bayanan sheƙa daga masu gidaje, sai ta bayyana cewa ɗaki mai faɗi da zurfi ya fi ƙananan ɗakunan ƙarfen nan amfani, domin mujiya ba ta iya miƙa ƙafa ta kai ga 'ya'yan. Wato abin da babban duma ke bayarwa tun farko.

Yadda suke sarrafa shi ba zai ba mai noman ƙwarya mamaki ba. Ana zaɓar mai kaurin ɓawo, wanda faɗinsa ya kai santimita 20 zuwa 30. A bar shi watanni ya bushe, har sai an girgiza an ji 'ya'yan na kaɗawa. Funfunar da ta hau bayansa a kankare ta. A huda ƙofa, a ƙwaƙule cikin, a yi 'yan ƙananan huji a gindi don ruwa ya tsiyaye, a yi wasu a wuya inda waya za ta ratsa. Da yawa sukan tsoma shi na 'yan mintuna a ruwan kofa salfet, wani shuɗin sinadari mai hana ruɓa, sannan su shafe shi da farin fenti don kada zafin rana ya gasa 'ya'yan. Sandar takan kai mita 3 zuwa 6, a fili nesa da dogayen itatuwa amma kusa da gidan mutane, da igiyar saukewa kamar ta tuta, da wani kwano a gindinta mai hana maciji hawa. Ƙofar ce ta fi shan gyara. Da zagayayya ce, faɗinta ya ɗan haura santimita 5. A farkon shekarun 1990 wani ɗan Kanada, Charles McEwen, ya fito da ƙofa mai siffar tsayuwar wata, tsayinta santimita 3 kacal. Matin mai gajerun ƙafafu takan kwanta ta kutsa, starling mai dogayen ƙafafu da tudun ƙirji ya tsaya a waje. Yau kuma akwai duman roba da kamfanoni ke zubawa, fari tas, da murfin leƙawa a gefe. An bar shukar, an riƙe siffarta.

Masu wannan hidima suna kiran kansu masu gidan haya, ko da yake ɗan hayar ba ya biyan ko sisi. Aikin ba ƙarami ba ne. Matin na saka ƙwai 4 zuwa 6, ta kwanta a kai fiye da mako biyu, 'ya'yan su yi kusan wata guda kafin su tashi, kuma duk tsawon lokacin mai gida na sauke sanda yana dubawa yana rubutawa. In aka yi kwana uku ko huɗu ana ruwa da sanyi, ƙwari ba sa tashi, tsuntsayen su fara mutuwa da yunwa. A watan Yunin 1972 guguwar Agnes ta yi kwanaki tana zuba a Pennsylvania da maƙwabtanta, ta share matin daga wasu yankuna har aka yi shekaru da dama ba su farfaɗo ba. Shi ya sa yanzu za ka ga dattijo a tsakar gida da cokalin roba yana cilla gyare ko soyayyen ƙwai sama, tsuntsayen na cafkewa.

Ƙidayar tsuntsaye da ake yi a Amurka ta Arewa kowace shekara tun 1966 ta nuna yawan matin ya ja baya, musamman a yankin manyan tabkuna da arewa maso gabas. Masu binciken da suka zauna da masu gidajen hayar kuma sun tarar mafi yawansu sun haura shekara 50, kuma babban abin da ke damunsu shi ne wanda zai gaje su. Matin na da riƙon wuri: inda ta yaye 'ya'ya bara, nan take nufa bana, sau da yawa duman da ta bari shi take komawa. In mai gida ya rasu, magada sukan sayar da gidan, sabon mai shi ya ga wata doguwar sanda da wasu fararen goruna a bayan gida, ya sa a tumɓuke. Tsuntsayen kuwa a lokacin suna Birazil, sai Fabrairu ko Maris za su iso.